Kurakuran da ke sa sabuwar talabijin ta ba mai ita kunya

Wanda ya sayi smart TV mai matsakaicin farashi, irin su Hisense, TCL ko ƙananan samfurin LG da Samsung, yakan dawo da ƙorafi iri ɗaya: a shago hoton tar-tar, da aka kai gida sai fuskokin mutane suka yi dishi-dishi, launi ya yi kauri, murya kuma ba ta fita sosai. Daga nan sai zargi ya koma kan mai shago, wai ya musanya kwali. Akan samu hakan jefi-jefi, amma galibi talabijin ɗin da ka gani ita aka ba ka. Abin da ake kunna mata ne ya sauya, da saitinta, da inda aka kafa ta.

Mu fara da wanda ya fi kowanne yawa. A shago bidiyon gwaji ake sa mata, wanda kamfani ya ɗauka musamman don ya burge mai saye. Allon 4K yana da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Tashar dikoda wadda ba HD ba kuwa tana zuwa da 720 sau 576, ko rabin miliyan bai kai ba. Ma'ana, cikin kowane ɗigo 20 da kake gani a allon, ɗaya ne ya zo daga tasha, sauran 19 talabijin ce ta cike su da hasashe. Gwargwadon girman allo, gwargwadon yadda aibin zai fito. Shi ya sa tsohuwar inci 32 take nuna wasu tashoshin fiye da sabuwar inci 55, har mutum ya yi ta cizon yatsa.

Sai kuma a ƙara wa abin gishiri da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, wadda aka cire daga tsohuwar talabijin aka maƙala wa sabuwa. Wannan waya ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Idan dikodarka ta DStv, GOtv, StarTimes ko ta dish ɗin kyauta tana da kafar HDMI, sayi wayar HDMI, ba sai mai tsada ba, sannan ka shiga saitin dikodar ka mai da fitar hotonta 1080, wato cikakken HD. Mutane da yawa suna sa wayar su manta da saitin. Haka finafinan da masu turi suke zuba wa mutane a filas: an matse su ne don su shiga waya, a allon waya suna da kyau, a inci 55 kuwa sai hoton ya riƙa farfashewa. In da hali ka nemi na 1080. Kuma a daina miƙe hoto da Zoom don a cike allo, har mutane su koma gajeru masu faɗi.

Saitin hoto shi ne na biyu. Ranar da aka kunna talabijin karon farko takan tambaya ko a gida take ko a shago, kuma yaron da ya zo kafawa yakan danna ko me ya gani don ya gama ya tafi. Idan tana kan Store Mode, duk gyaran da ka yi zai goge da kansa bayan ɗan lokaci. Mai da ita Home Mode tukuna. Bayan haka ka fita daga yanayin hoto na Vivid ko Dynamic, wanda aka yi shi don gasa da fitilun shago. Shi ne ke sa ciyawar filin ƙwallo ta yi kore shar fiye da kima, fatar baƙin mutum ta koma ja, farar shadda ta yi shuɗi-shuɗi. Zaɓi Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode da ya fara zuwa a talabijin tun 2020. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi rawaya ya dushe, don ido ya saba da shuɗi. Ba shi kwana biyu kafin ka yanke hukunci. Sharpness kuma a rage shi sosai, domin ba ya ƙara wa hoto komai, farin zane kawai yake yi a gefen abubuwa.

Akwai wani saiti da masu gyara suka fi kowa sanin illarsa, wato Backlight, ƙarfin fitilun da ke bayan allo. Barin sa a 100 dare da rana yana gajiyar da fitilun, kuma ƙarshensa shi ne ciwon nan da aka sani: murya tana fita, hoto babu. Da rana a falo mai haske za ka iya ɗaga shi, da dare rabi ya wadatar. Mai sola da inbata zai ga bambancin a batirinsa, don fitilun nan ne ke shan mafi yawan wutar talabijin. Idan kuma hoton yana dushewa yana dawowa da kansa, ba lalacewa ba ce, duba Eco ko Energy Saving.

Game da motsi, ana ɗaukar fim a hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, talabijin kuma tana cusa nata hotunan na ƙirƙira a tsakani don motsin ya yi santsi. LG na kiran abin TruMotion, Sony na ce masa Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Shi ke sa babban fim ya zama kamar bidiyon biki. A kashe shi wajen fim. Wajen ƙwallo ana iya barin sa kaɗan, amma da ka ga ƙwallon tana rabuwa biyu ko tana ɓacewa a sama, ya yi yawa. Mai PlayStation ya kunna Game Mode, in ba haka ba zai danna maɓalli ɗan wasa ya amsa a makare.

Rubutun kwali ma yana ruɗar mutane. Lambar 120 da aka rubuta kusa da Motion Rate ba ta nufin allon 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, yawancin masu wannan farashi 60Hz ne. QLED ba OLED ba ce, wato allon da kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, allon LCD ne da aka inganta wa launi. HDR kuwa, wato fasahar da ke ƙara bambanci tsakanin haske da duhu a hoto, tana buƙatar haske mai ƙarfi, kuma talabijin mai matsakaicin farashi takan karɓi siginar amma haskenta bai kai ya nuna ta yadda ya kamata ba, har fim ɗin HDR ya fi na yau da kullum duhu.

Abin da a ganina ya fi duk waɗannan muhimmanci ga gidajenmu, kuma ba a tambayarsa a shago, shi ne irin allon. Allon VA yana ba da baƙi mai zurfi, amma daga gefe launinsa yana koɗewa. Allon IPS baƙinsa toka-toka ne a duhu, amma ko daga ina ka zauna launi bai cika sauyawa ba. Ɗakin mutum ɗaya da ke kallo da dare, VA ta fi. Falon da maigida ke kan kujera, uwargida a gefe, yara a baje kan kafet, IPS ta fi dacewa. Gwajin ba wuya: a shago ka matsa gefe sosai, sannan ka durƙusa, ka ga abin da ya faru da fuskar da ke kan allo. Durƙusawar nan tana da dalili. Muna kafe talabijin can sama kusa da silin don gudun hannun yara, alhali rabin gidan a ƙasa suke zama. Tsakiyar allo ya kamata ya yi kusa da saitin idon mai zaune. In dole sai an ɗaga, a sa maƙali mai sunkuyowa. Kada kuma ta fuskanci taga. Tazarar mita biyu da ɗan kai ta ishi inci 55, inci 43 kuwa ƙasa da mita biyu.

Sauti ne inda kamfanoni suka fi yin rowa. Yawanci lasifika biyu ne masu wat 10 kowanne, a jiki siriri, suna kallon ƙasa. Ga fanka, ga ƙarar janareta, sai a kai murya ƙarshe har robar baya ta riƙa karkarwa. Kafin ka kashe kuɗi, duba muryar dikoda, don sau da yawa ita ce a ƙasa. Ɗaga ta, ka riƙa sarrafawa da rimot ɗin talabijin, sannan ka zaɓi yanayin Speech ko Clear Voice, ka kashe Surround da ke binne magana cikin kiɗa. Idan ka sayi soundbar, wato dogon lasifikan da ake haɗa wa talabijin, cikin kafafen HDMI wadda aka rubuta wa ARC ko eARC kaɗai ke tura sauti waje, kuma sai ka kunna saitin Anynet+ a Samsung ko Simplink a LG kafin su fahimci juna. Bluetooth yakan sa baki ya riga murya. Fim ɗin filas da ya fito ba murya kuwa mai yiwuwa sautinsa DTS ne, wanda Samsung ta daina karantawa tun samfurin 2018.

Ɓangaren intanet yana da nasa tarkon. Ba kowace smart TV ce Android ba. LG tana amfani da webOS, Samsung da Tizen, yawancin Hisense da VIDAA, TCL kuma da Google TV ko Android TV. Manhajar da ɗanka ya turo daga waya ba za ta hau kan ukun farko ba. Wannan ma hanya ce ta gane jabu: tambarin LG ko Samsung a gaba, amma ciki fuskar Android irin ta waya, to an liƙa tambarin ne. Sai data. A ƙididdigar Netflix, awa ɗaya ta HD na iya cin gigabait 3, ta 4K har 7, kuma 4K ɗin tana son gudun megabit 15 a daƙiƙa. Wanda ya haɗa talabijin da hotspot ɗin wayarsa ya bar YouTube ya zaɓi inganci da kansa zai wayi gari ba data. Saita shi 720 ko 1080 da hannunka. Idan talabijin ta tsufa manhajojinta sun yi nauyi, ƙaramin akwatin Google TV ko Fire TV Stick ya fi sauya allon gaba ɗaya araha nesa ba kusa ba.

Ƙurar hunturu a share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa ko maganin goge gilashi a allo, don yana gangarawa ƙasan firam ya bar layi a hoto.

Wuta ce ke kashe talabijin fiye da tsufa. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, amma ba ta tare bugun da ke zuwa farat ɗaya lokacin da NEPA ta dawo. Don wannan ana buƙatar ɗan soket ɗin nan mai jinkirta wuta na wasu daƙiƙoƙi ko mintuna kafin ya saki. A kashe talabijin daga bango kafin a ta da janareta, haka kafin a kashe shi, kada a bari mai ya ƙare tana kunne. Da damina kuma cire filogi kaɗai bai isa ba, saboda tsawa tana bin wayar dish ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta ƙone kafar ko babban bod ɗin talabijin. Da hadari ya haɗu a zare wayar dish daga bayan dikoda tare da filogin, domin yawancin takardun garanti ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar tsawa ko ta wuta.