Koren leza: yadda za ka gane ko yana fitar da hasken da ido ba ya gani

Ƙananan tocilan leza masu koren haske da yara ke saya a kasuwar Wunti ta Bauchi lokacin Sallah, cikinsu ba kore ba ne tun daga tushe. Akwai ɗan ƙwai da ke fitar da hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 808 (nanomita ma'aunin zangon haske ne, kuma zangon ne ke bambanta launi da launi). Wani dutsen lu'ulu'u ya mai da shi 1064, wani kuma ya raba wannan biyu, sai a sami kore mai 532. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin 400 da 700 ne kawai. To, a leza mai inganci ana sa matatar gilashi a baki don ta tare 808 da 1064. Masu araha kuwa sau da yawa babu ita.

Haɗarin yana nan: haske mai ƙarfi in ya bugi ido, mutum kan ƙifta cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Infirared ba ya sa ƙiftawa, amma ƙwayar ido tana tattara shi ta aza a kan tantanin bayan ido kamar yadda take yi wa kowane haske. Tantanin nan ba ya jin zafi. Sai dai daga baya mutum ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla.

Da sanyin safiyar hunturu, ko in batir ya yi rauni, koren yakan dushe alhali infirared na ci gaba da fita. A nan ne ake kuskuren leƙa bakin tocilan wai a ga ko ya mutu. Kada ka yi.

Gwajin gida: fara da rimot ɗin talabijin. Danna shi gaban kyamarar wayarka. In ka ga ɗan haske shuɗi-shuɗi, kyamarar na ganin infirared. Kyamarar tsaro mai gani da dare ta fi, don waya ba ta cika kama 1064 ba. Daga nan kashe fitilar ɗaki, ajiye leza a kan teburi ƙasa da tsayin ido, haska bayan tsohon faifan CD ta yadda ɗigogin za su faɗa kan farar takarda. Kwatanta abin da idonka ke gani a takardar da abin da allon kyamarar ke nunawa in ka saita ta a kan takardar. Ɗigon da ya fito a allo kaɗai infirared ne. Rashin ganinsa ba ya nufin lezan ba shi da haɗari.

Batun tabarau na kariya daga leza, launi ba ya kare kowa. Duba rubutun gefen gilashin: lambar OD, wato ma'aunin yadda gilashin ke rage haske, da zangon da take rufewa. OD 4 na rage haske sau 10,000, amma a zangon da aka rubuta kawai. Tabarau mai ruwan lemo na 532 yakan bar 808 da 1064 su wuce, har ma ya fi muni, don ya ɓoye koren da zai sa ka kauce. Nemi wanda ya haɗa ukun. Baƙin tabarau na rana ba ya cikin lissafi.

Leza na nuni bai kamata ƙarfinsa ya wuce miliwat 5 ba, kuma rubutun jikin masu araha ba abin dogaro ba ne. Cire agogo da zobe, kau da madubi don kada hasken ya dawo ido, cire batir in ka gama.

In haske ya shiga idon wani har ɗigo bai gushe ba bayan 'yan mintuna, a kai shi sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi a ranar, a tafi da lezan likita ya gani. Ban da ɗiga maganin gargajiya.