Darasi na Bakwai: Tarihin Dangi da Gwajin Sankara ga Maza

Yawancin masu fama da sankara, wato ciwon daji, ba gadonta suka yi ba. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke zuwa ta hanyar gado kai tsaye. Duk da haka, abin da ya taɓa samun mahaifinka ko ɗan'uwanka yana da muhimmanci ƙwarai, domin da shi likita zai yanke shawarar shekarun da ya kamata ka fara gwaji.

Mu fara da sankarar furostet, wadda take cikin waɗanda suka fi kama maza a duniya. Furostet wani ɗan ƙaramin sashe ne da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar da fitsari ke bi, kuma maza kaɗai ke da shi. Matsalar wannan cuta ita ce takan daɗe tana girma a ɓoye, mutum yana cin abincinsa, yana zuwa aikinsa, ba ya jin ciwon komai. Idan aka jira sai an ga jini a fitsari ko ciwon ƙugu da baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wataƙila ta riga ta yaɗu zuwa ƙashi. Shi ya sa ake yin gwaji tun mutum yana jin kansa garau.

Namijin da mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta, haɗarin kamuwarsa ya kai ninki biyu na wanda babu ita a gidansu, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan mutum biyu ko uku ne suka yi ta, ko kuma ta kama su tun da sauran ƙarfinsu. Baƙar fata ma sun fi sauran jinsuna kamuwa da ita. Bisa wannan ne Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar cewa wanda ba shi da wani ƙarin haɗari ya fara tattauna batun gwaji da likita yana da shekara 50, baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin shekara 65 su fara a 45, wanda kuwa fiye da mutum ɗaya suka kamu da wuri a cikin makusantansa ya fara a 40.

Gwajin farko na jini ne, ana kiransa PSA, kuma ɗan jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Wani lokaci likita yakan sa safar hannu ya duba furostet ɗin da yatsa ta dubura, abin da ba ya wuce minti ɗaya, amma kunyarsa ta hana maza da yawa zuwa asibiti, alhali bai kamata ta hana ba. A lura da kyau: hauhawar sakamakon PSA ba hukunci ba ne cewa akwai sankara, domin kumburin furostet irin na tsufa ko shigar ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi. Haka kuma akwai nau'in da ke girma a hankali har ba ya buƙatar tiyata, sai dai a riƙa sa masa ido. Saboda haka a nemi likita ya bayyana amfanin gwajin da kuma illarsa kafin a yi.

Inda maza suka fi yin kuskure shi ne ɗaukar cewa cutar mata ba ta shafe su ba. Akwai ƙwayoyin halitta guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Idan ɗaya daga cikinsu ta sami tangarɗa, takan jawo sankarar mama da ta ƙwan mahaifa ga mata, ga maza kuma tana ƙara haɗarin sankarar furostet, musamman BRCA2, har ma da sankarar mama, wadda maza ma suna yin ta ko da yake ba kasafai ba. Uwa ko uba da ke ɗauke da wannan tangarɗa na iya gadar da ita ga kowane ɗa ko 'ya, damar kuwa rabi da rabi ce. Don haka ciwon da ya sami mahaifiyarka, ko yayarka, ko gwaggonka, yana cikin lissafinka.

Sankarar babban hanji ita ma tana bin dangi. A Amurka, tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajinta daga 50 zuwa 45. Ana iya duba bayan gida kowace shekara don neman jinin da ido ba ya gani, ko a zura siririyar na'ura mai kyamara a leƙa cikin hanjin duk bayan shekara 10. Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa ya yi ta yakan fara a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin wancan, duk wanda ya riga zuwa. Idan an gano ta mahaifinka yana da 48, kai za ka fara a 38.

Aikin wannan darasi shi ne ka ɗauki takarda ka raba ta biyu, gefe ɗaya dangin uba, ɗaya dangin uwa, ka rubuta iyaye, kakanni, baffanni, kawunnai da 'yan'uwa maza da mata. A gaban duk wanda ya yi sankara, rubuta sashen jikin da ta fara kamawa da shekarunsa a lokacin da aka gano ta. Manya sukan ji nauyin wannan magana, don haka ka sami wanda ya yi jinyar a keɓe, ka ce, "Gwaggo, ciwon da Baba ya yi, me likitoci suka ce da shi, kuma yana da shekara nawa?" Inda ba a tabbatar ba, rubuta abin da aka gani, kamar rama, kumburin ciki ko tsayawar fitsari. Ka tafi da takardar ranar ganin likita, ka kuma ba 'yan'uwanka da 'ya'yanka da suka manyanta kwafinta.