Yadda nake gane yaron da ba rashin ji ke damunsa ba

Shekarata 14 ina riƙe da aji uku na firamare a Kano, kuma ba zan ɓoye ba, na zane yaran da ba su da laifi. Sai daga baya na san akwai larurar da likitoci ke kira ADHD, wato kasa tsayar da hankali wuri guda, sau da yawa haɗe da ƙiriniyar da ba ta jin tsawa. Wani babban nazari na 2007 da ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama ya gano kusan yara 5 cikin 100 suna da ita, wani na 2015 kuma ya ce wajen 7. Ajina yara 70 ne. Ke nan kowace shekara akwai uku zuwa biyar a gabana.

'Yar'uwata malama, kafin ki zargi larura a kan yaro, fara da abin da ke kusa. Ya karya kumallo? Ƙarfe nawa yake kwanciya? Kunnensa na ji sosai, yana ganin allo? Na taɓa samun yarinyar da na ɗauka shashanci ne, ashe kunnenta ke zubar da ruwa.

Daga nan ki ware ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani da kwanan wata. Kada ki rubuta "ba ya ji". Rubuta: ya tashi sau shida kafin tara, ya amsa kafin in gama tambaya, fensir na uku ya ɓata a mako guda. Akwai wani yaro da nake tunawa, yana kwafar layi biyu sai ƙadangare ya gitta ta taga, shi ke nan an rabu. Amma lissafin baka, duk ajin babu mai kamo shi.

Sai ki nemi mahaifiyarsa: "Maman wane, haka yake a gida? Malamin Islamiyya fa, me yake cewa?" Wannan tambayar ce ginshiƙi, domin ƙa'idar likitoci ita ce alamun su bayyana a wuri biyu ko fiye, su kai wata 6, kuma su fara kafin shekara 12. Wanda a ajinki kaɗai yake tada ƙura, wataƙila darasin ne ya gundure shi. Ki kuma sa ido kan 'yan mata. An fi gano larurar a maza, kusan ninki biyu, su kuwa mata sukan yi shiru ne, ido na kan allo, hankali na wani gari.

A aji, ki dawo da shi bencin gaba, nesa da taga. Umarni ɗaya a lokaci guda. Ki ba ƙafarsa aiki: goge allo, raba littattafai. In ya gama layi biyar, yaba masa nan take.

Tabbatar da larurar aikin likita ne, ba namu ba. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Iyaye sukan ce, "Malama, ɗana ba mahaukaci ba ne." Nakan ce gaskiyarsu, sannan in miƙa musu littafin nan su tafi da shi wurin likita.