Komawa 64-bit a Linux: inda mutane suke tuntuɓe

Tun da Debian 13, ɗaya daga cikin nau'o'in tsarin Linux, ta fito a watan Agustan 2025 ba tare da faifan girkawa na 32-bit ba, masu tsofaffin kwamfutoci suke ta sallama a teburina a Computer Village, Ikeja. Ubuntu ma tun 2017 ta daina fitar da irin wannan faifan na kwamfutar tebur. Kowa so yake ya bar tsohon tsarin furosesa na 32-bit ya koma 64-bit, kuma kusan a wuri ɗaya ake faɗuwa.

Babban kuskure shi ne yanke wa inji hukunci ba a duba shi ba. Wani dattijo daga Agege ya ajiye min kwamfutarsa tokumbo, ya ce, "Yaro, an ce wannan ta tashi aiki, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan." Na ce, "Alhaji, a bari mu gani tukuna." Wanda ya duba masa ya buga uname -m, ya ga i686, wato 32-bit, shi ke nan ya yanke. To ai wannan umarnin tsarin da aka ɗora kawai yake nunawa, ba ƙarfin furosesa ba. Da na buga lscpu sai ga 32-bit da 64-bit a layi ɗaya. Furosesarta Core 2 Duo ce, mai iya 64-bit, shekara da shekaru tana ɗauke da kayan da bai kai ƙarfinta ba. Amma idan ƙaramar netbuk ce mai Atom N270, kada ka wahalar da kanka, 32-bit ce har abada. Ka bar ta a Debian 12.

Sai ruɗanin suna. Mai furosesar Intel ya je sauke faifan girkawa, ya ga an rubuta amd64 ya ce ba nasa ba ne, ya sauke arm64, ya ƙona data a banza. AMD ce ta fara fito da tsarin a 2003, shi ya sa sunan ya bi ta, amma Intel ma shi take ci. Shi kuwa arm64 na irin su ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ne.

Wasu suna zaton apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji, zai sauya musu tsarin zuwa 64-bit. Ba zai yi ba. Akwai hanyar sauyawa ba tare da gogewa ba, ana musanya kunshin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, amma ni ba na ba kowa shawararta a Legas. A ɗauke wuta ana tsakiyar musanya dpkg, manhajar da ke girka sauran manhajoji, batir kuma ya mutu tun tuni, ka ga ba tsuntsu ba tarko. Ka kwashe /home, jakar da fayilolinka suke, zuwa wani faifai, ka adana jerin manhajojin da umarnin apt-mark showmanual ya ba ka, ka girka sabo.

Wajen kwashewar ma a kula. Takardu da hotuna ba ruwansu da furosesa, amma jakar bayanan PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ba ta tashi idan an kwafe ta haka kawai daga 32 zuwa 64. Ka fitar da ita da umarnin pg_dump tun tsohon tsarin yana numfashi. Na ga mai shagon da ya tuna da wannan bayan ya goge.

Idan firinta ta yi gardama bayan an gama, sau da yawa direbanta na 32-bit ne. Buga dpkg --add-architecture i386, sannan apt update, ka ɗora fayilolin tallafi na 32-bit (libraries) da take nema.

Kwamfutar Alhaji kuwa RAM ɗinta 2GB ne, don haka fuskar tebur mara nauyi ta Xfce na sa mata, ba GNOME mai cin RAM ba.