Yadda Ake Samar wa Jan Hakulberi Sanyi da Danshin da Yake Bukata

Jan hakulberi, wanda masana tsirrai suke kira Vaccinium parvifolium, ƙaramin itace ne da yake fitowa da kansa a dazuzzukan yammacin Arewacin Amurka, daga kudu maso gabashin Alaska, ta lardin British Columbia na Kanada da jihohin Washington da Oregon, har zuwa Kalifoniya. Tsawonsa kan kai mita 1 zuwa 4, kuma 'ya'yansa ƙanana ne jajaye masu ɗan tsami, waɗanda mutanen asali na yankin suka daɗe suna ci, suna busarwa, har ma suna kama kifi da su saboda kamarsu da ƙwan kifin salmon. Wanda yake son shuka shi ya kamata ya san cewa sanyin saiwa da danshin ƙasa sun fi komai muhimmanci a wurinsa.

Matakin farko shi ne duba yanayin wurin da kake zaune. Itacen ya saba da lokacin zafi mai sauƙi irin na birnin Siyatil da ke jihar Washington, inda zafin rana a watan Yuli kan kasance kusan digiri 25 na ma'aunin Salsiyas. Yana kuma bukatar watanni na sanyin hunturu domin ya zubar da ganye ya huta, kuma a wannan hutun yana jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Idan bai samu hutun ba, ba zai yi fure yadda ya kamata ba, shi ya sa garuruwa irin su Kano ko Maraɗi, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40, ba za su karɓe shi ba.

Bayan haka sai zaɓen wurin dasawa. A nemi inda hasken safiya yake sauka, amma inuwar bishiya ko ta bango take rufe shi daga azahar zuwa la'asar. Gefen arewa ko gabashin gida ya fi dacewa, kuma a guji jikin bangon da yake shan rana yana mayar da zafi da daddare.

Mataki na uku shi ne gyara ƙasa, kuma a nan ne yawancin masu shuka suke faɗuwa. Idan ka shiga dajin da yake fitowa, za ka tarar da shi a tsaye bisa ruɓaɓɓen kututture, ko a kan gungumen da ya faɗi shekaru da yawa har gansakuka ta lulluɓe shi, saiwoyinsa sirara sun kutsa cikin itacen da yake marmashewa a hannu. Irin wannan itace yana riƙe ruwa kamar soso ko a watan Agusta da sama take ɗaukewa a yankin, yana barin iska ta ratsa, kuma cikinsa ba ya ɗaukar zafi. Saboda haka a haɗa ƙasar shuka da ruɓaɓɓen itace da ɓawon bishiyoyi dangin fir (masu ganye kamar allura) masu yawa, ko a binne guntun gungume a ramin a dasa a jikinsa. Ƙasar ta kasance mai tsami, ma'aunin tsaminta, wato pH, tsakanin 4.5 da 5.5. Kada a zuba toka ko farar ƙasa, domin dukansu suna kashe tsamin, ganyen kuma ya koma rawaya. A ganina, gara mutum ya ɓata wata guda yana neman ruɓaɓɓen itace mai kyau da ya sayi taki mafi tsada. Haka kuma a sayi dashen daga gandun renon tsirrai, domin wanda aka tumɓuko daga daji da wuya yake rayuwa.

Sai batun ban ruwa. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan aka ji sanyi da laima a bar shi, idan kuwa ta fara bushewa a ba shi ruwa a hankali da sassafe har ya ratsa. Ruwan da ya kwanta a gindi yana ruɓar da saiwa, don haka ramin ko tukunyar dole su riƙa tsanewa. Ruwan sama ya fi, saboda ruwan famfo mai gishirin ƙasa yana rage tsamin sannu a hankali. A rufe gindin da ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kada ya manne da jikin itacen.

Dangane da danshin iska, dasa shi kusa da wasu tsirran inuwa da kare shi daga busasshiyar iska sun wadatar a yawancin shekaru. Ranakun tsananin zafi ne suke bukatar shiri na musamman. A ƙarshen Yunin 2021 zafi ya kai digiri 46 a birnin Portland na jihar Oregon, ganyen tsirrai da yawa ya ƙone. Idan aka yi hasashen irin wannan, a jiƙa ƙasa sosai tun daren jajibiri, a kafa rumfar ƙyalle ta ɓangaren yamma, a kuma janye na tukunya zuwa inuwa. Furen yana fitowa daga Afrilu zuwa Yuni, kuma idan daren ƙanƙara ya zo a wannan lokaci, a lulluɓe itacen da ƙyalle mara nauyi, a yaye shi da hantsi domin ƙudan zuma su samu hanyar shiga.