Yadda za ka gane demarer ɗin motarka ya fara gajiya

Bara, a tsakiyar zafin Afrilu, Corollata ta ƙi tashi a bakin kasuwar Katako a nan Yamai. Na murɗa makulli, sai "ƙas" sau ɗaya, shiru. Ban yi wata-wata ba na sayi sabon bateri. Kwana uku ta sake yi min. Bakaniken da ya kwance demarer ɗin, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ya zazzage baƙin gari a tafin hannunsa, ya ce: "Alhaji, sharbon ne suka cinye, baterinka lafiya lau yake." Sharbon su ne 'yan guntayen gawayin da ke kai wuta cikin demarer. Har yau kuɗin baterin nan yana min ciwo, shi ya sa nake so ka saurari motarka kafin ka taɓa aljihu.

Fara da kashe rediyo, ka murɗa makulli, ka kasa kunne. In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri a jere, galibi bateri ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. In kuwa "ƙas" ɗaya ne mai ƙarfi, injin bai juya ba, zargi ya koma kan demarer. Wani lokaci za ka ji yana wuuu shi kaɗai, injin ko motsi: bendis ne, wato ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke bakin demarer, bai kama haƙoran babban faifan bayan injin ba. Ƙarar gurzar ƙarfe ita ce ta fi ba ni tsoro, don haƙoran ne ke cin juna, kuma canza faifan nan sai an sauke akwatin giya.

Sannan ka kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba, ka sake murɗawa. In hasken bai ragu ba ko kaɗan, wuta ba ta shiga demarer. In ya dusashe sosai, duba bateri da kawunansa tukuna. Mai mita ya auna: cikakken bateri yana nuna kusan volt 12,6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9,6 ba lokacin tayarwa.

In bateri ya fita daga zargi, wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin demarer da ƙotar guduma, a hankali, giya a sake, birkin hannu a ja. In ta tashi, galibi sharbon ne suka ƙare. Wannan dabara ta kai ka gareji ce kawai.

Don Allah kada ka yi ta murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10. Ka ji warin ƙonewa, saki nan take. Mota mai giyar hannu ana tura ta a giya ta biyu. Otomatik ba ta tashi da turi, sai dai ka gwada murɗa makulli giya tana kan N, wato a sake. A gareji kuma, ka ce a buɗe demarer ɗin a gabanka kafin a yi maka maganar sabo, don sau da yawa sharbon ko bendis kaɗai za a canza.