Bebí ko bebé? Kurakuran da aka fi yi wajen cewa "na sha" da Sifaniyanci

Sha da Sifaniyanci shi ne beber, kuma aikatau ne mai bin ƙa'ida, ba ya da gardama. Ka cire -er, sai ka liƙa wa beb- wutsiyarsa: bebí (na sha), bebiste (ka sha), bebió (ya sha ko ta sha), bebimos (mun sha), bebisteis (kun sha), bebieron (sun sha). Shida ke nan, amma sai ka ga mai koyo ya yi tuntuɓe tun a ta farko.

Abin da ke jawo haka shi ne tomar. Shi ma sha ake nufi da shi, a Meziko ma shi ya fi yawa a bakin mutane. Wanda ya saba da tomé (na sha) sai ya ɗauko wannan -é ya manna wa beber, ya ce "ayer bebé agua". To, bebé jariri ne! Maimakon jiya na sha ruwa, ya ce jiya jariri ruwa. Wutsiyar -é da -ó ta dangin -ar ce, irin su tomar, dangin -er kuwa, irin su beber, -í da -ió suke ɗauka.

Sai ɗan karan da ke bisa wasali, wanda ake raina shi a rubutun waya. Tomo, ina sha. Tomó, ya sha. Bahaushen da ke bambanta kukan yaro da kukar miya da kunne kawai bai kamata wannan ya ba shi wuya ba: a danna murya a gaɓar ƙarshe.

Bebistes kuskure ne, ko da ka ji shi a bakin 'yan ƙasa, don suna yi. Babu s a ƙarshe. Bebemos kuma muna sha ne, mun sha bebimos.

Wanda ya fi cin rai shi ne zaɓi tsakanin bebí da bebía. Hausa ta riga ta raba gardamar. In za ka ce "na sha", abu ya faru ya ƙare, bebí ne: anoche bebí dos vasos de leche, daren jiya na sha madara kofi biyu. In kuwa "nakan sha" ne a da, ko "ina cikin sha", sai bebía: de niño bebía leche todos los días, ina yaro kullum nakan sha madara. Sai dai bebía ni ne, shi ne, ita ce, don haka in akwai ruɗani ka sa yo, él ko ella a gaba.

Bebisteis kuwa a Sifen ake jin sa. A Meziko ko Kolombiya, ustedes bebieron za ka ce.